Fashin Baƙi: Furta Zunubi, Aikin Tuba da Ciwon Ƙwaƙwalwa a Gidan Talaka

A Cocin Katolika akwai wata ibada da ba a biyan ko sisi a kanta, ba a yankar kati, ba a tambayar mutum ɗan gidan wane ne. Mutum zai je gaban Fada, wato limamin Katolika, ya durƙusa, ko ya zauna, ya faɗi laifofin da ya yi wa Allah da mutane. Fada ya yi masa nasiha, ya ɗora masa aikin tuba, sannan ya furta masa gafara da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan shi ne sakramentin tuba, wato furta zunubi. A majami'u da yawa na Kaduna da Kafanchan da Zariya da Jos, har ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina, da Hausa ake yin sa, galibi ranar Asabar da yamma ko kafin a shiga Misa, babbar ibadar Katolika. A ƙauye ma sau da yawa babu wani ɗaki na musamman. Kujerar roba ce a gindin mangwaro, Fada ya rataya ƙyallensa mai launin shuni a wuya, mutane sun ja layi daga nesa yadda ba za su ji abin da ake faɗa ba.

Me ya haɗa wannan da ciwon ƙwaƙwalwa? Talauci ne ya haɗa su. Najeriya na da mutane sama da miliyan 200, amma likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a cikinta ba su kai 300 ba, kuma yawancinsu suna manyan birane. A Arewa asibitocin da aka sani da wannan aiki 'yan kaɗan ne: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, sai sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Manomin da ke wani ƙauye a kudancin Kaduna, kafin ya ga likita sai ya nemi kuɗin mota nasa da na ɗan rakiya, kuɗin kati, kuɗin magani, ga asarar yinin gona. Fada kuwa da ƙafarsa yake zuwa ƙauyen, ko da sau ɗaya a wata ne. Saboda haka kunnen farko da ke jin cewa wance ta yi makonni ba ta barci, ko wane yana jin gara ya mutu ya huta, sau da yawa kunnen Fada ne. Abin da ya faɗa a 'yan mintocin nan yana iya buɗe wa mutum hanyar magani, yana kuma iya toshe ta na shekaru.

Domin a gane lamarin sai an san yadda ibadar ta samo siffarta. Katolika suna dogara da Injilar Yohanna, sura 20, inda Yesu ya ba manzanninsa ikon gafarta zunubi. A ƙarnonin farko tuba a bainar jama'a ake yin ta, kan manyan laifofi irin su kisa da zina da barin addini, kuma sau ɗaya ake ba mutum dama a rayuwarsa. Sufayen Ireland ne, daga ƙarni na 6 zuwa na 7, suka yaɗa al'adar furtawa a asirce tsakanin mutum da malaminsa, wadda ake iya maimaitawa. A 1215 babban taron shugabannin Coci na Lateran na huɗu ya wajabta wa duk wanda ya kai shekarun hankali ya furta zunubinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, taron Trent kuma ya ƙara daidaita koyarwar a 1551. Sirrin abin da aka faɗa a wurin ba ya da togaciya ko ɗaya. Dokar Coci mai lamba 983 ta hana Fada tona shi ta kowace hanya da kowane dalili, wanda ya tona kuwa ya fitar da kansa daga tarayyar Coci nan take. Doka ta 848 ta ce kada a hana matalauci sakramenti saboda ba shi da abin bayarwa. Sirri da kyauta, waɗannan biyun su ne suke sa wanda ke jin kunyar a ce masa mahaukaci ya iya buɗe baki a nan, ya kasa a ko'ina.

Gaɓar da mutane da yawa ba su sani ba, har cikin masu zuwa Coci kullum, ita ce koyarwar Katolika ba ta ɗauki kowane mugun abu da ya faru a zuciyar mutum a matsayin zunubi ba. Kafin laifi ya zama babban zunubi, irin wanda ke raba mutum da Allah, sai abubuwa uku sun haɗu: aikin ya kasance babba, mutum ya san babba ne, kuma ya aikata da cikakken nufinsa. Littafin Katekizim na 1992, kundin koyarwar Cocin Katolika, ya faɗi haka a sakin layi na 1857. A na 1735 kuma ya ce alhakin mutum yana raguwa, wani lokaci ma ya faɗi gaba ɗaya, saboda rashin sani, ko tilas, ko tsoro, ko sabo, ko wasu dalilai na halin ƙwaƙwalwa da na zamantakewa. Wannan ba sassaucin zamani ba ne da aka ƙirƙiro don a faranta wa likitoci. Tsohuwar ƙa'ida ce: inda babu 'yancin zaɓi, babu alhaki.

A ɗauki mace mai jego, wata uku da haihuwa. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Fada, ka sa mini albarka, na yi zunubi. Lahadi huɗu ban zo Misa ba. Ba na iya addu'a. Ina kallon jaririna ba na jin komai. Ni muguwar uwa ce, na san Allah ya yi fushi da ni." In Fada ya saurara da kunnen lissafin laifi kawai, zai ji rashin zuwa Misa da sakaci da addu'a, ya ce ta ja carbi ta ƙara himma. In ya saurara da kyau kuwa, zai ji alamomin ciwon damuwa na bayan haihuwa a jere. Ciwon damuwa, yadda likitoci ke gane shi, baƙin ciki ne ko mutuwar sha'awar komai da ya kai mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasala, da rashin tattara hankali. Cikin alamominsa har da jin laifi mai tsanani marar dalili, da ganin kai ba a bakin komai ba. Wato shi kansa wannan nauyin da ta ɗauko ta kawo a matsayin zunubi, wani ɓangare ne na ciwon. Katekizim ɗin ma, a sakin layi na 2181, ya ambaci rashin lafiya da renon jarirai cikin uzurorin da ke ɗauke wajibcin Misar Lahadi. Abin da wannan baiwar Allah ke bukata ta ji shi ne, "Mama, wannan ciwo ne, yana da magani, kuma ba ki saɓa wa Allah da shi ba. Wa zai raka ki asibiti?"

Akwai wani nau'in da ya fi wannan wuyar sha'ani, domin shi a cikin ibadar kanta yake yin sheƙa. Shi ne waswasi. Musulmi sun san shi sarai a wurin mai sake alwala sau bakwai yana shakkar ko ya wanke gwiwar hannu, ko mai ta da kabbara yana yankewa saboda niyya. A wurin Bakatolike yana zuwa da wata riga. Mutum ya furta zunubinsa, ya fito, kafin ya kai bakin ƙofa shakka ta kama shi: na faɗi adadin daidai kuwa? Na yi nadama ta gaskiya, ko da baki kawai na yi? Wannan mummunan tunanin da ya faɗo mini game da Budurwa Maryamu ana tsakiyar Misa, na yarda da shi ko ban yarda ba? Sai ya koma layi. Gobe ya tafi wata majami'a wurin wani Fada ya sake faro labarin daga yarinta. Yana tsoron karɓar Jikin Almasihu, gurasar da ake rabawa a Misa, don kada ya ƙara laifi a kan laifi. Likitoci suna ɗaukar mafi yawan irin wannan a matsayin wani reshe na ciwon nan da ke cusa wa mutum tunanin da ba ya so, ya kuma tilasta masa maimaita wani aiki don ya sami sauƙi. Sauƙin na 'yan sa'o'i ne. Kamar susar ƙazwa yake, daɗi a lokacin, gobe ƙaiƙayin ya ninka. Kowace komawa gaban Fada don neman tabbaci tana koya wa ƙwaƙwalwa cewa tsoron gaskiya ne, sai ta ƙara aiko shi.

Coci ta daɗe da sanin wannan ciwo, tun kafin a sami likitocin ƙwaƙwalwa. Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya sha shi a garin Manresa na Sifaniya a 1522. Ya rubuta zunubansa, ya furta, ya sake furtawa, bai sami natsuwa ba, har zuciyarsa ta riƙa raya masa ya faɗa wani rami ya hallaka kansa. Ya yi mako guda cur bai ci bai sha ba yana neman Allah ya yaye masa, sai da Fadan da ke sauraronsa ya umarce shi ya ci abinci. Martin Luther, tun yana sufi kafin ya raba gari da Roma, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubi a gaban malaminsa Staupitz. Theresa ta Lisieux ta yi fama da shi tana 'yar shekara 12 zuwa 13. Alphonsus Liguori, wanda ya rasu a 1787, shi ma ya ɗanɗana, kuma shawarwarinsa ga irin waɗannan mutane har yau su ake bi. Ka tsaya ga Fada guda, kada ka yi ta yawo. Kada ka sake ɗauko zunubin da ka riga ka furta. In kana shakkar ko abu zunubi ne, ka ɗauka ba zunubi ba ne, ka wuce. Abin da ya ba ni sha'awa a nan shi ne, maganin da masana halayyar ɗan Adam suka fi amincewa da shi yau ga wannan ciwo kusan hanya ɗaya yake bi: a bar mutum ya fuskanci tunanin da ke tsorata shi, a hana shi aikin da yake gudu ya yi don samun sauƙi, har tsoron ya gaji ya sauka da kansa. Fadan da ya ce wa mai waswasi, cikin taushi amma ba ja da baya, "Ɗana, ba zan sake sauraron wannan ba, an gafarta maka, je ka karɓi Jikin Almasihu," ya yi aikin rahama, ko da mai ciwon ya fita yana ganin an yi masa rowa.

Sai batun aikin tuba. Mutane kan ɗauka horo ne, gwargwadon zafinsa gwargwadon gafara. Koyarwar ba haka take ba. Gafara tana zuwa ne da kalmomin da Fada ya furta, aikin tuba kuwa don gyaran ɓarnar da laifi ya bari ne, kuma sakin layi na 1460 ya ce dole a duba halin da mai tuban yake ciki. Yawanci 'yan addu'o'i ne, Ubanmu da A Gaishe Ki Maryamu, ko sadaka, ko wani aikin alheri. Wanda aka ɗora masa abin da ba zai iya ba yana da damar ya faɗa a wurin a sauya masa. Haɗarin ya fi yawa a abin da mutum ke ɗora wa kansa. Mai ciwon damuwa da ke ganin ya cancanci azaba sai ya shiga azumin kwana da kwanaki, ya hana kansa barci da addu'ar dare, alhali rashin barci da yunwa su ne abincin ciwon. Ga mai ciwon hawa da sauka, wanda ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ya dawo da shi cikin baƙin ciki, 'yan kwanaki na rashin barci sun isa su tayar masa da shi. Azumin da Coci ta wajabta kwana biyu ne kacal a shekara, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, a kan masu shekara 18 zuwa 59, kuma marar lafiya ba ya ciki. Azumin awa ɗaya kafin karɓar Jikin Almasihu ma, doka ta 919 ta cire ruwa da magani daga cikinsa. Babu wata doka ta Katolika da ta ce a ajiye ƙwaya don a nuna bangaskiya. Duk wanda ya gaya wa marar lafiya haka, ko a wurin taron addu'a ko a gida, nasa ya faɗa.

Haka nan zancen aljanu. Coci ta yarda akwai Shaiɗan, tana kuma da addu'ar fitar da shi, amma ta ɗaure abin tamau. Doka ta 1172 ta ce babu Fadan da zai yi wannan sai da izinin Bishop na musamman, littafin ibadar da aka sabunta a 1999 kuma ya ja kunne kada a ɗauki ciwo a matsayin shafar aljanu, ya ce a nemi shawarar likitoci inda ya kamata. Wanda ke jin muryoyi, ko yake ganin ana bin sa za a kashe shi, asibiti ne wurinsa na farko. Mun ga inda akasin haka ke kaiwa. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da mari a Najeriya, a gidajen masu maganin gargajiya, da wuraren addu'a na Kirista da na Musulmi, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Talaka ne ke ƙarewa a can, domin nan ne kusa, nan ne kuma ake karɓar abin da ya sawwaƙa.

Wuri mafi nauyi shi ne tunanin kashe kai. A da dokar Coci ta 1917 tana hana yi wa wanda ya kashe kansa jana'izar Coci. Dokar 1983 ta cire wannan, Katekizim kuma a sakin layi na 2282 da 2283 ya ce tsananin rikicewar ƙwaƙwalwa ko ƙunci ko tsoro suna rage alhakin mutum, kada a yanke ƙauna daga cetonsa, Coci tana yi masa addu'a. Dokar ƙasa ce ta daɗe a baya: sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa iyali su ɓoye maimakon su nemi taimako. To in mutum ya faɗi wannan niyya a wurin furta zunubi, hannun Fada a ɗaure yake, ba zai iya kiran matarsa ko yayansa ba. Abin da zai iya shi ne ya roƙe shi su sake maganar a waje bayan an gama, inda sirrin bai rufe ta ba, ko ya sa shi alkawarin gaya wa wani a ranar. Shi ya sa nake ganin wanda ke cikin wannan hali, ko danginsa, gara su nemi Fada a ofis ko a gida su ce, "Fada, ba furta zunubi na zo ba, taimako nake nema." Da wannan jimla ɗaya an kwance masa hannu, zai iya ɗaga waya, zai iya sa mutum a mota. A gida kuma a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannu zai kai, kada a bar mutumin shi kaɗai.

Magani fa, ga wanda ba shi da hali? Ba duka ne ke da tsada ba. Tsofaffin magunguna irin su amitriptyline da haloperidol da chlorpromazine suna da araha, fluoxetine ma ana samun na gama-gari. Amma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, ba mai kemis ba, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkita mai ciwon hawa da sauka, amitriptyline kuma yana kisa in aka sha da yawa, don haka wani a gida ya kamata ya riƙe shi. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, na waswasi ya fi haka daɗewa. A nan ne talaka ke yawan faɗuwa: ya sha na kwana goma, bai ga canji ba, kuɗi sun ƙare, ya ce asibiti ya gaza. Ko ya ji sauƙi ya daina kwatsam, ciwon ya dawo. A gaya wa likita gaskiyar aljihu tun farko, ya rubuta abin da za a iya ci gaba da saye. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin mhGAP na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su kuma yi maganinsu, Najeriya ma ta karɓe shi, sai dai bai kai ko'ina ba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Takarda ta canza, amma mai ciwo a ƙauye bai gani a ƙasa ba tukuna.

Haɗa malamin addini da ma'aikacin lafiya ba mafarki ba ne, an gwada. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun yi bincike a Ibadan da Kumasi, aka buga a mujallar Lancet a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa zuwa wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya suna duba masu taɓin hankali tare da su. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi bayan wata shida. Akwai kuma Grégoire Ahongbonon, Bakatolike ɗan Jamhuriyar Benin, mai facin taya a Bouaké ta Kwaddibuwa. Ya yi arziki da motocin haya, ya karye, baƙin ciki ya kai shi gaɓar kashe kansa. Wani Fada ne ya tallafe shi. Daga baya ya kafa ƙungiyar Saint Camille, wadda ke kwance mutane daga mari tana ba su magani da sana'a a Kwaddibuwa da Benin da Togo, kuma da yawa cikin ma'aikatanta tsofaffin marasa lafiya ne. A gida ma dayosis ɗin Maiduguri, wato yankin da Bishop ɗin can ke shugabanta, ya buɗe cibiyar kula da matan da rikicin Boko Haram ya raunata wa zukata, ƙarƙashin wani Fada da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam. Fafaroma Francis kansa ya bayyana a 2017 cewa yana da shekara 42 ya yi wata shida yana zuwa wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Bayahudiya, kuma ta taimake shi. Shi ne kuma ya rubuta a 2013 cewa wurin furta zunubi bai kamata ya zama ɗakin azaba ba.

Inda nake ganin gyara ya fi sauƙi shi ne a makarantun horar da Fada, irin su ta Saint Augustine a Jos da ta Good Shepherd a Kaduna, da kuma wurin katikis, masu koyar da addini a majami'a, da shugabannin Zumuntar Mata, waɗanda su ne ke zaune da jama'a kullum bayan Fada ya tafi. Ba a ce su zama likitoci ba. Su iya tambayoyi uku ko huɗu: tun yaushe, kina barci, kina cin abinci, kin taɓa tunanin cutar da kanki? Su san asibiti mafi kusa da ke duba masu wannan lalura da ranar da ake ganin likita. Majami'a kuma, yadda take tara gudummawar ginin hasumiya da ta bikin girbi, ta ware wani abu a asusun taimakon mabukata don kuɗin mota da maganin wata uku na farko, domin a cikin waɗannan watanni ne yawancin masu ƙaramin ƙarfi ke yanke magani.